Minti Arba'in

Ƙarfe shida da rabi motarka ke tsayawa a ƙofar gida,
na san ƙararta kamar tarin mahaifina.
Ka kashe fitila, ka kashe inji,
amma ƙofar ba ta buɗuwa.

Ina bayan labule, Tukur, ludayi a hannu,
ina ƙirga maka lokaci da agogon girki.
Ran Litinin minti ashirin.
Jiya arba'in, har tuwo ya yi ɓawo,
har Nana ta yi barci da takalmi ɗaya a ƙafa
tana jiran ta nuna maka giɓin haƙorinta.

A Hull rana ba ta sallama a watan Disamba,
kafin ƙarfe huɗu ta naɗe tabarmarta,
iskar kogi ta biyo layinmu
tana taɓa kowace ƙofa kamar mai bin bashi.
Na ce ko sanyi ne.
Na ce ko aikin sito ne, awa goma
kana ɗaga kwalayen mutanen da ba su iya faɗin sunanka ba.
Har na ce ko wata ce.
Allah ya yafe mini, na duba wayarka kana wanka:
babu kowa sai saƙon gida,
kuɗin magani, kuɗin makarantar ƙanne, rufin ɗakin da ruwa ya ci,
da amsarka guda ɗaya, sau goma sha bakwai:
"To, in sha Allahu."

Kana shigowa da murmushin da ka ɗora a mota
kamar hular aro.
"Yaya aiki?" "Da godiya."
"Yaya gajiya?" "Babu gajiya."
Mu da ko a gadon asibiti
"da sauƙi" muke cewa,
ta wace ƙofa maganarka za ta fito?

Yau ban ƙirga ba.
Na zuba shayi mai citta a fulas,
na ɗora rigar sanyinka a kan zanena,
na taka yayyafi da silifas,
na buɗe ɗaya ƙofar, na zauna.
Babu rediyo, babu waya.
Hannunka biyu a kan sitiyari
kamar mai doguwar tafiya, ga mota a tsaye.

Ban tambaye ka komai ba.
Tururi ya rufe gilashi.
Tsohuwar gida mai lamba tara ta wuce da karenta,
ta ɗaga mana hannu, ta zaci hira muke.

Sai ka ce, ba ni kake kallo ba:
"Kubura, nan kaɗai ne ba mai jiran komai daga gare ni."
Ka dafa ƙirji. "Akwai dutse a nan tun kafin azumi.
Ina salla, ina addu'a, bai motsa ba.
Kada ki faɗa wa Inna."

"Yi haƙuri" ta zo mini har bakin leɓe,
na haɗiye ta da shayi,
don an ba ka ita har ta koɗe.
Na bar kukanka ya yi tsawon da yake so,
na riƙe kofin, na riƙe hannun rigarka.

Gobe da ƙarfe takwas za mu kira likita,
ni zan riƙe layi in sun ce a jira,
kai za ka yi magana, da Turancinka na sito,
in kalma ta ƙare ka nuna musu ƙirjin.
Ban san sunan abin da Hausa ba,
amma na ga inda ya zauna.

Ban ce ka daina tsayawa a mota ba.
Tsaya. Sai dai ka bar ƙofar ɓangarena a buɗe.

Yanzu taho mu shiga, ƙafata ta daskare.
Haƙorin Nana na cikin kwalin ashana,
ta ce kada kowa ya buɗe sai kai.